Stagger: kalmar Turancin da ta faro daga tangaɗi ta ƙare a tsari

Duk mai karanta jaridun Turanci, balle mai fassara labarai zuwa Hausa, ya sha cin karo da kalmar stagger, kuma da wuya a ce ba ta taɓa tsayar da shi ba. Ƙamus zai gaya masa cewa ma'anarta tangaɗi, wato tafiyar wanda ƙafafunsa suka daina yi masa biyayya. Haka ne. Amma a shafi guda na jarida za a iya cewa wani direba ya fito daga motar da ta kife yana stagger, a ƙasa kaɗan a ce bashin da ake bin wata ƙasa staggering ne, can gefe kuma a ce hukumar zaɓe za ta yi stagger ɗin ranakun jefa ƙuri'a. A na farko jiki ne ya gaza. A na biyu hankali ne ya girgiza. A na uku kuwa babu abin da ya gaza ko ya girgiza, mutane ne suka zauna da alƙalami da kalanda suka shirya abu da gangan. Yaya aka yi kalmar da aka ƙirƙira don mai maye da mai jiri ta zama kalmar masu tsara jadawali? Akwai zare guda da ya ɗinke waɗannan ma'anoni, kuma wanda ya kama bakin zaren ba zai sake fassara ta a karkace ba.

Asalin kalmar ba daga Ingila yake ba. Daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya ta fito, harshen mayaƙan ruwan nan da ake kira Viking, waɗanda babbar rundunarsu ta sauka a Ingila a shekarar 865, ta ci birnin York a 866, sannan su da jikokinsu suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar suna noma da auratayya da 'yan gari. Zaman ya bar wa Turanci kalmomi na yau da kullum irin su egg da sky da take da window, har ma da wakilin suna they. A harshen nasu akwai aikatau staka, turewa ko ingizawa, da kuma stakra, wanda ke nufin a yi ta turewa ko a yi ta tangaɗi. Wannan ƙarin da ke ƙarshen kalmar alama ce ta maimaici. Bahaushe ya san irin wannan dabara sarai, sai dai shi ninka gaɓa yake yi: buga ta koma bubbuga, taka ta koma tattaka. Su kuma ɗafi suke liƙawa a baya. Turanci ma yana da irin wannan ɗafi nasa na kansa, shi ya sa yake cike da kalmomin motsi mai maimaituwa da ke ƙarewa iri ɗaya, kamar flicker da chatter da totter. A rubuce-rubucen Turanci na ƙarni na 14 kalmar tana fitowa a siffar stakeren, daga baya harafin k ya yi laushi ya koma g.

Wannan asali yana da amfani, domin ya nuna cewa tun ran gini akwai abubuwa biyu a cikin kalmar: wani ƙarfi da ya turi mutum, da kuma takun da mutumin ke ta yi don kada ya faɗi. Wanda ke stagger bai faɗi ba tukuna. Yana tafiya, kuma sau da yawa ma yana isa inda za shi. Abin da ya rasa shi ne miƙaƙƙen layi.

Nan ne ta rabu da 'yan'uwanta, domin Turanci na da kalmomi da dama a wannan fage kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Stumble tuntuɓe ne, abu ne na lokaci guda, ƙafa ta bugi dutse an wuce wurin. Limp ɗingishi ne, kuma mai ɗingishi yana iya tafiya a miƙe sarai, ƙafa ɗaya ce kawai ke masa ciwo. Toddle ita ce tatatar yaro mai koyon tafiya. Totter ta fi dacewa da tsoho mai rauni ko mace a kan takalmi mai tsini, gajerun taku ne masu rawa, kuma ana faɗin ta ga gini ko mulkin da ke tangal-tangal. Teeter tana nuna wanda ke bakin gaɓa, sauran ƙiris ya rufta. Lurch fizga ce guda ɗaya mai ƙarfi zuwa gefe, irin ta motar da direbanta ya saki kuloci da gaggawa. Reel kuwa akwai juwa a cikinta, duniya ce ke juya wa mutum. Ita stagger tana ɗauke da nauyi: manyan taku ne marasa daidaito, hagu sannan dama, na jikin da wani abu ya rinjaya, ko giya, ko duka, ko gajiya, ko kayan da aka ɗora masa. Shi ya sa Bature zai ce ɗan dako ya yi stagger a ƙarƙashin buhu, amma ba zai ce ya yi totter ba sai in yana son nuna cewa ɗan dakon tsoho ne tukuf. A Hausa tangaɗi da layi da taga-taga su ne suka fi kusa. Rangaji bai shiga ba ko kaɗan, domin rangaji lanƙwasa ce ta ganin dama, ta mai jin daɗin jikinsa.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kai a nan, domin ya wuce batun harshe. Da Turanci da Hausa duk sun saba jingina wannan tafiya ga mashayi, har ta kai da an ga mutum yana layi a titi sai zuciya ta yanke masa hukunci. Likitoci ba haka suke kallonta ba. Idan suka rubuta staggering gait a takardar majiyyaci, alama ce da ke sa a binciki sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya wanda ke daidaita motsi, ko cikin kunne inda ma'aunin tsayuwar jiki yake. Shanyewar ɓarin jiki na iya farawa da haka. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa sosai yana iya yin tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, ya yi ta gumi, wanda bai sani ba ya rantse a buge yake, alhali abin da yake bukata cikin gaggawa shi ne wani abu mai zaƙi da kuma asibiti. Don haka mai fassarar da ya ga an ce wani ya yi stagger sai ya rubuta cewa yana maye, ya ƙara abin da ba a faɗa ba, kuma yana iya zama ƙazafi. Kalmar tafiyar kawai ta bayyana, ba ta faɗi dalili ba.

Makiyayan Turai ma sun ari kalmar tun ƙarni na 16 suka raɗa wa cutar dabbobi suna da ita, the staggers. Har yau manoman Birtaniya da Ailan da New Zealand suna fargabar grass staggers, wadda ke kama shanu da tumaki masu shayarwa idan sinadarin maganiziyam ya yi ƙaranci a jininsu, galibi lokacin da aka sake su a sabuwar ciyawa mai saurin tohowa. Saniya ta fara layi, jikinta ya ɗauki rawa, in ba a yi maza an yi mata allura ba ta mutu cikin sa'o'i. Masu nutso cikin teku su ma suna kiran jirin da ke kama wanda ya taso sama da gaggawa da wannan suna.

Ma'ana ta biyu ta biyo ta hanyar duka. Tunda asalin kalmar turewa ne, ba wuya ta karɓi abin aikatawa: naushi ya yi staggering ɗin ɗan dambe, wato ya sa shi taga-taga. Masu sharhin damben zamani suna yawan amfani da ita a haka, kuma duk wanda ya kalli zagaye na takwas na karawar Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa ranar 30 ga Oktoba, 1974, ya ga ma'anar da idonsa, yadda Foreman ya yi taku yana juyawa kafin ya kai ƙasa. Daga naushin hannu zuwa naushin labari tazarar kaɗan ce. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16 Turawa sun fara cewa magana ko labari ya yi staggering ɗinsu, ma'ana ya ɗaure musu kai, ya sa hankalinsu ya rasa wurin taka ƙafa. A Turancin wancan zamani kalmar tana kuma nufin kokwanto. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda aka buga a 1611, ta yi amfani da ita a Romawa 4:20 wajen cewa Ibrahim bai yi shakkar alkawarin Allah ba, inda ta ce staggered not. Wannan ma'ana ta shakka ta mutu a bakin mutanen yau, amma ta mamaki tana nan da ranta, har ta fi ta tangaɗin yawan fitowa a jarida.

Daga nan aka sami sifa staggering. Abin lura game da ita shi ne ba ta yabo kuma ba ta zagi da kanta. Girma kawai take aunawa, girman da ya fi ƙarfin hankali. Ana cewa asarar rayuka a yaƙi staggering ce, ana kuma cewa kyawun wani tsauni ko bajintar wani ɗan wasa staggering ne. Jimlar ce ke nuna ko abin farin ciki ne ko na baƙin ciki, saboda haka ba za a iya ajiye mata fassara guda a Hausa ba. Ga kuɗi muna da maƙudai da zunzurutu. Ga asara muna da mai tayar da hankali, ko wadda ta wuce misali. Ga bajinta muna cewa abin ban al'ajabi, ko abin da ya bar mutane baki buɗe. Idan kuma mutum ne ya ce I was staggered, to abin ya ɗaure masa kai, ko jikinsa ya yi sanyi, gwargwadon irin labarin. Ina ganin 'yan jaridar Turanci sun ɗan cinye ƙarfin wannan sifa da yawan amfani, domin kusan duk adadin da ya kai biliyan sai an liƙa masa ita. Mai fassara yana da damar ya auna: in adadin ya isa ya yi magana da kansa, a bar shi ya yi, ba sai an yi masa rakiya ba.

Akwai kuma stagger on, da ake faɗa game da gwamnati ko kamfani ko tattaunawar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Gwamnatin John Major a Birtaniya misali ce mai kyau: darajarta ta zube ranar 16 ga Satumba, 1992, lokacin da aka tilasta fitar da fam daga tsarin musayar kuɗin Turai, amma ba ta faɗi ba, ta ci gaba da lallaɓawa har zaɓen 1997. Wannan ita ce stagger on. Kuskure ne a fassara ta da jan ƙafa, domin mai jan ƙafa da gangan yake jinkiri, yana da ƙarfin tafiya ya ƙi. Mai stagger on kuwa iyakar ƙarfinsa ke nan, tafiya yake da ƙyar.

Ma'ana ta uku ce ta fi rikitarwa, kuma ita ce ta fi muhimmanci ga mai karatu na yau. Don a gane ta sai a ɗauke ido daga jikin mai tangaɗin a mayar kan sawun da ya bari a rairayi: ɗaya ya karkata hagu, na gaba ya karkata dama, babu biyu da ke kan layi ɗaya. Injiniyoyin ƙarni na 19 wannan zanen suka gani, suka ɗauki kalmar suka ba wa duk wani jeri da aka goce da gangan. Ƙusoshin da ake haɗa farantan ƙarfe da su ba a jera su a layi guda, ana gocar da su don kada ƙarfen ya tsage ta bin ramukan. Magini ba ya ɗora bulo yadda mahaɗar sahun sama za ta hau daidai kan ta ƙasa, yana gocar da ita rabin bulo, in ba haka ba bango ya tsage daga sama har ƙasa. Duk wannan staggered ne. Madannan kwamfuta ma haka suke, kowane sahu ya ɗan goce daga na samansa, gado ne daga tsohuwar tafireta wadda sandunan ƙarfenta ke bukatar hanyar wucewa. A titunan Birtaniya akwai allon gargaɗi na staggered junction, mahaɗar da hanyar hagu da ta dama ba sa fuskantar juna. A jiragen sama masu fukafukai hawa biyu, stagger na nufin yadda fiffiken sama ya ɗara na ƙasa gaba ko baya. Kamfanin Beechcraft na Amurka ya ƙera wani jirgi da ya fara tashi a 1932, fiffikensa na ƙasa ne a gaba, saɓanin yadda aka saba, har sunan Staggerwing ya bi shi.

Abin da ya faru a nan babban juyi ne. Gocewar da take alamar rauni a jikin mutum ta zama tushen ƙarfi a jikin bango da ƙarfe. Kalmar ba ta sauya hoton da take ɗauke da shi ba, ta sauya wanda ke riƙe da linzami ne kawai.

Filin tsere ya fi ko'ina nuna wannan a sarari. Zagayen fili na ƙa'ida mita 400 ne idan aka auna ta layin ciki, kuma faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Wanda ke layin waje yana zaga da'ira mafi faɗi, kowane layi na ƙara masa sama da mita 7 a zagaye guda. Da za a jera 'yan tseren mita 400 kafaɗa da kafaɗa, da na layi na takwas ya yi gudun kusan mita 53 fiye da na layin farko. Shi ya sa ake gocar da wuraren tashinsu, kowa ya ɗara na cikinsa gaba, kuma wannan shi ne staggered start. Mai kallo da bai sani ba zai ɗauka an fifita na waje, alhali adalci aka yi. Na layi na takwas ma wata wahalar yake sha, domin ba ya ganin kowa a gabansa, bai san ko ana cim masa ba. Wannan ne ya sa nasarar Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ta girgiza masana: daga layi na takwas ya gama cikin daƙiƙa 43.03, ya karya tarihin daƙiƙa 43.18 da Michael Johnson ya kafa a 1999.

Daga gocewa a wuri sai aka koma gocewa a lokaci, kuma wannan ita ce ma'anar da ta cika takardun gwamnati da na kamfanoni. A watan Oktoban 1918, lokacin da murar nan mai kisa ta mamaye duniya, kwamishinan lafiya na birnin New York, Royal Copeland, bai rufe birnin ba. Ya sa an rarraba lokutan buɗewa da tashi na shaguna da masana'antu da ofisoshi, don kada jama'a su cunkushe a jiragen ƙasa a sa'a guda. Shekara ɗari da biyu bayan haka, da annobar korona ta zo a 2020, makarantu da ma'aikatu a ƙasashe da yawa suka koma ga wannan dabara, wasu azuzuwan su shigo da wuri, wasu su biyo baya. Staggered hours ke nan. Aikin bai ragu ba, ba a kuma ɗage shi ba. An hana shi faɗowa gaba ɗaya a lokaci guda ne kawai.

A siyasa dabarar ta girmi amfani da kalmar a wannan ma'ana. Tsarin mulkin Amurka ya ba sanata wa'adin shekara 6, amma ya raba majalisar dattawa rukuni uku, ana zaɓen kashi ɗaya bisa uku duk bayan shekara 2. Da majalisar farko ta zauna a 1789, ƙuri'a aka jefa don a san rukunin da zai yi shekara 2, da mai 4, da mai 6, daga nan agogon kowane rukuni ya kama tafiyarsa. A yau cikin kujeru 100, rukuni biyu suna da 33 kowanne, ɗaya yana da 34. Manufar ita ce kada guguwar zaɓe guda ta share majalisar baki ɗaya, kullum a sami waɗanda suka san aikin. Gwamnonin babban bankin Amurka su 7 ma wa'adinsu na shekara 14 haka aka gocar da shi. Majalisar dattawan Faransa kuwa rabinta ake sabuntawa duk shekara 3. Manyan kamfanoni sun ari wannan suka mai da shi garkuwa: idan daraktoci 9 ne aka raba su uku-uku, wanda ya sayi rinjayen hannun jari ba zai iya sauke su a taro ɗaya ba, sai ya ci zaɓen shekara biyu a jere kafin ya sami rinjaye a hukumar. Masu zuba jari da yawa suna ƙin wannan staggered board, suna ganin yana kare shugabannin da suka gaza. Suna da hujja, domin abin da ke hana mai kwaɗayi kutsawa shi ne kuma ke hana mai gyara shiga.

Sai dai staggered elections tana da ma'ana ta biyu da ba ta shafi wa'adi ba, wato zaɓe guda da aka raba wa ranaku. Indiya ce babban misali. Zaɓen majalisar dokokinta na 2024 an yi shi a zango 7, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, aka ƙirga ƙuri'u gaba ɗaya ranar 4 ga Yuni. Dalilin a bayyane yake: masu zaɓe sun kusa biliyan ɗaya, dole a riƙa kwashe jami'an tsaro da ma'aikata daga wannan yanki zuwa wancan.

A Najeriya 'yan jarida da 'yan siyasa suna amfani da wannan lafazi, kuma suna cakuɗa abubuwa biyu da shi. Na farko shi ne raba babban zaɓe gida biyu, kamar yadda aka yi a 2023: na shugaban ƙasa da majalisar tarayya ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni da majalisun jihohi ranar 18 ga Maris. Wannan staggered ne na haƙiƙa, domin shirya shi aka yi. Na biyu shi ne jihohi 8 da ke zaɓen gwamna a wajen babban zaɓe: Anambra, Bayelsa, Edo, Ekiti, Imo, Kogi, Ondo da Osun. Waɗannan ba wanda ya zauna ya tsara musu haka. Hukuncin kotuna ne ya gocar da su. Peter Obi ya hau kujerar Anambra a Maris 2006 bayan kotu ta soke zaɓen Chris Ngige, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2007 cewa shekararsa huɗu daga ranar rantsuwa za a ƙirga. Adams Oshiomhole ya hau a Edo a 2008, Olusegun Mimiko a Ondo a 2009, Kayode Fayemi da Rauf Aregbesola a Ekiti da Osun a 2010, Hope Uzodinma a Imo a Janairun 2020, duk ta hanyar kotu. A ganina off-cycle ce kalmar da ta dace da waɗannan, wato zaɓen da ya fita daga zagayen da aka saba. Kiran su staggered yana ba su kamannin shiri da hangen nesa irin na majalisar dattawan Amurka, alhali kowannensu tabo ne na zaɓen da kotu ta ce ba a yi daidai ba. Bai kamata kalma ta shafe wannan tarihi ba.

To da me za a fassara wannan ma'ana ta uku? Hausa ba ta rasa kayan aiki ba, sai dai babu kalma guda da za ta ɗauke nauyin duka. Idan lokutan aiki ne, a ce an rarraba lokutan shiga da fita. Idan zaɓe ne irin na Indiya, a ce za a yi shi zango-zango ko yanki-yanki. Idan wa'adin sanatoci ne, a ce ana sabunta majalisar kashi-kashi. Idan jeri ne na gini ko na fili, a ce an gocar da su. Akwai kalmomi biyu masu jan hankali da ya kamata a guje musu. Ɗaya ita ce karɓa-karɓa, domin a karɓa-karɓa wani ne ke sauka wani ya hau, abu guda ne ake miƙawa hannu zuwa hannu. A staggered kuwa kowa yana kan aikinsa, wa'adinsu ma yana shiga cikin na juna, lokacin farawa da gamawa ne kawai ya bambanta. Ɗayar ita ce ɗagewa. Zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da aka mayar daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu ɗage shi aka yi, wannan wani abu ne daban.

Nahawun jimlar kan warware mafi yawan ruɗanin tun kafin a buɗe ƙamus. Idan mutum ko dabba ce ke aikatawa kuma babu abin da aka aikata wa, tangaɗi ne. Idan wani abu ne ya aikata wa mutum, to ko naushi ne ya sa shi taga-taga, ko labari ne ya ɗaure masa kai. Idan kuwa hukuma ce ko shugaba ya aikata wa lokuta, ranaku, biyan kuɗi ko kayayyaki, rarrabawa ce. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakanin staggering da staggered idan suka zo gaban suna, domin haruffa kaɗan ne suka raba su amma ma'anarsu ta yi hannun riga. Staggering payments kuɗaɗe ne masu yawan ban mamaki. Staggered payments kuwa biya ne kaɗan-kaɗan a lokuta daban-daban. A ce gwamnatin wata jiha ta fitar da sanarwa da Turanci cewa za ta biya bashin giratutin 'yan fansho ta hanyar staggered payments, sai mai fassara a gidan rediyo ya ce za a biya su maƙudan kuɗi. Dattijon da ya shekara yana jira zai kwana da murna, ya yi wa mai shago alkawari, ya sa ranar auren 'yarsa. Abin da sanarwar ta faɗa kuwa shi ne za a biya rukuni-rukuni, kuma tana yiwuwa sunansa yana rukunin da sai baɗi za a kai gare shi.